Ranar da Sista ta sa na cire huffi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su, amma akwai wata Alhamis ta ƙarshen watan Agusta da ba za ta fita daga kaina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shekara bakwai ke nan da faruwar abin. Ni tela ne a Anguwan Rogo da ke Jos, na fi shekara talatin ina taka keke. A aji huɗu na bar makaranta, saboda haka mai neman rubutu mai ado ya nemi wani. Mai ɗakina ce ta ce na ishi mutane da labarin nan a shago, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha shi kafin in auna shi, gara in rubuta sau ɗaya in huta, su ma su huta. To ga shi.

Ciwon suga ya kama ni tun ina da sauran ƙarfi, daga baya hawan jini ya biyo bayansa. Akwai wani ƙaramin asibiti da ba shi da nisa da mu, ɗaki uku ne da baranda, can nake zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta kowane wata, ranar masu suga. Mai duba mu wata nas ce, kowa Sista yake ce mata. Kirista ce, 'yar asalin duwatsun nan, daga wajen Bukuru take hawo bas kullum da safe. Za ta kai sa'ata ko ta ɗan gaza. Ita ce likita, ita ce mai kati, wani lokaci ma ita ce mai shara. Shekara da shekaru aikina da ita ɗaya ne: ta soki yatsa, ta ɗaura abin awon jini a dantse, ta rubuta magani, ta ce, "Oga Tela, ka rage tuwo." In ce to. In koma gida in ci tuwona. Ba ta taɓa ɓata mini lokaci ba, shi ya sa nake ganin kirkinta.

Ƙafafuna kuwa sun daɗe da canjawa, ban gaya wa kowa ba don ban ɗauke shi ciwo ba. Da farko suna yi mini zugi kamar an barbaɗa barkono, daga baya suka daina, har na yi murna na ce na warke. Sai dai in ina tafiya ina jin kamar a kan katifa nake takawa, kuma kullum a sanyaye suke kamar ba nawa ba. Wanda bai zauna Jos ba yana tsammani sanyinmu na ƙarshen shekara ne kawai. Ya zo a Agusta ya gani, lokacin da za a kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, ruwan buta ya koma kamar an ciro shi daga firij. Wanke ƙafa sau biyar a rana cikin wannan yanayi ba ƙaramin aiki ba ne ga mai shekaruna.

Sai na koma huffi. Ga wanda bai san ta ba, wata safa ce ta fata mai laushi da ke rufe ƙafa har ta wuce idon sawu. In ka yi cikakkiyar alwala ka sa ta, daga nan ba sai ka riƙa wanke ƙafa ba, shafa kawai za ka yi a kanta da jiƙaƙƙen hannu. Abin da muka koya wajen malamanmu shi ne mutum na iya barin ta a ƙafa kwanaki, an dai so ya cire ranar Juma'a. Sauƙi ne addini ya yi mana, ni kuma na ɗauki sauƙin na wuce da shi inda ba a ce ba. Ina sa safar ulu a ciki, in ɗora huffi a kai, da su nake aiki, da su nake kwana. Wanka kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba, a irin wannan sanyi daga Juma'a sai Juma'a, in ba wajibi ya kama ni ba. A shago ba na sa takalmi don yana zamewa a kan matakin keke. Haka nake yawo a kan siminti da huffi kawai, cikin ƙyallaye da guntayen zare.

Ranar Laraba da yamma mai ɗakina ta kawo mini abinci, ta ajiye, ta tsaya tana shinshina iska.

"Malam, wani abu na wari a ɗakin nan. Ko ɓera ne ya mutu?"

Na ce fata ce, fata in ta sha damina haka take yi.

"Ka dai cire a shanya maka."

Na ce jibi Juma'a, a bari sai jibi. Ta juya ta fita, don ta san halina.

Washegari na je asibiti da niyyar in yi minti goma in dawo. Makarantu sun kusa komawa, ga yunifom na wata makaranta na karɓa jibge a kan tebur, ko rabi ban yi ba. Sai na tarar da layi ba ya tafiya. Duk wanda ya shiga sai ya daɗe, kuma na lura wasu suna fitowa da takalmi a hannu. Na tambayi wanda ke kusa da ni a benci, ya ce ai Sista ta yi sati ba ta nan, ta je wani horo, tun da ta dawo ta canja. Na ce a raina, ga irin abin da horo ke jawowa, mutum yana aikinsa lafiya a je a rikita shi.

Da layi ya zo kaina ta soki yatsa, ta kalli injin, ta kalle ni. "Oga Tela, tuwon nan dai." Na ce ana ragewa. Ta auna jini, ta girgiza kai, ta tambaye ni ko ina shan na hawan jini. Na ce ina sha duk ranar da kai ya yi mini ciwo. Ta rubuta magani. Na miƙa hannu in karɓi takardar, sai ta ɗora tafinta a kai.

"Cire takalmi. Har da wannan na cikin."

"Me ya haɗa suga da takalmi?"

"Cire dai, za ka gani."

"Sista, shekara nawa ina zuwa wajenki? Kin taɓa cewa in cire ko hula?"

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Laifina ne. Yau nake gyarawa."

Ban saba jin ma'aikaci ya ce laifinsa ne ba, saboda haka na ɗan yi sanyi. Amma yunifom na jira na, kuma gaskiya ina jin kunyar in buɗe wa mace ƙafafun da suka kwana shida a rufe. Sai na ɗauko makamin da na san ba ya faɗuwa ƙasa. Na ce mata ina da alwala, in na cire huffin nan dole in wanke ƙafa nan take, in ba haka ba alwalar ta tashi, kuma ba zan sa ƙafata a ruwan famfonsu ba cikin wannan sanyi. Na ƙara da cewa, "Ke ba ki san wannan ba." A garin nan kowa ya sani, in ka ambaci addini, wanda ba naka ba yakan ja da baya don a zauna lafiya. Da wannan na so in kuɓuta. Allah Ya yafe mini.

Ba ta ja da baya ba. Ta nuna mini lungun ɗakin da bironta. Ga butar dafa ruwa a kan risho tana tururi, ga roba, ga tawul a rataye.

"Na sani. Tun safe nake dafa ruwa, kai ne na huɗu mai huffi yau. Wani Alhaji likita ne ya koya mana a wajen horon. Ya ce duk mai suga da ya shigo da huffi a sanyin nan, kada mu bar shi ya fita sai mun ga tafin ƙafarsa. Ya ce za ku ce alwala. Ya ce to, mu dafa ruwa."

Na sunkuya na fara da ta hagu.

Ta sa na ɗora ƙafar a kan kujera, ta ciro wani abu daga aljihu mai kama da biro, a bakinsa akwai ɗan siririn zare na roba irin na kamun kifi. Na ce wannan zaren ko maɓalli ba zai riƙe ba. Ta ce ba ɗinki za ta yi ba. Ta taɓa bayan hannuna da shi, ta ce na ji? Na ce na ji mana. Ta ce to in rufe ido, duk lokacin da na ji ta taɓa ƙafata haka, in ce eh.

Na rufe ido. Shiru. Ina jin tururin buta, ina jin tarin wani a baranda, amma a ƙafa ban ji komai ba. Na ce a raina in na yi shiru matar nan za ta riƙe ni har azahar. Sai na fara auna lokaci da kaina, in ɗan jira in ce eh, in ɗan jira in ce eh. Sau biyar na faɗa, har da ɗan ɗaga murya a na ƙarshe don ta san na ji sosai.

"Buɗe ido."

Na buɗe. Tana can bakin taga a tsaye, ta harɗe hannuwa, zaren na hannunta.

"Tun eh na biyu na bar wajen. Oga Tela, wa kake cuta?"

Da ta yi dariya da abin ya zo mini da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dawo ta ce yanzu in bar ido a buɗe. Ta danna zaren a ƙasan babban yatsa har ya lanƙwashe, ta danna a tsakiya, ta danna kusa da ƙaramin yatsa. Ina kallo da idona ana taɓa jikina, ni kuma kamar ƙafar kujerar ake taɓawa. Ta ce suga ne ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙo, zugin da na ce ya daina ba warkewa ba ce. Sannan ta ce in kawo ta dama.

Huffin ta fita, amma safar ulu ta ƙi. Ta manne a tafin ƙafa. Sista ta sa safar hannu, ta jiƙa wurin da ruwan asibiti, ta riƙa ɓamɓarewa a hankali. Da ta rabu, sai ga ɓeran da mai ɗakina ke nema. Warin ya cika ɗakin, ni da kaina sai da na kau da fuska. Ita ko yamutsa fuska ba ta yi ba.

"Yaushe rabonka da ganin tafin ƙafar nan?"

Na ce Juma'a. Shi ma ƙarya ne, don ranar Juma'a wankewa na yi, ban duba ba. Wa ke duba tafin ƙafarsa? Ta ɗauki hoto da wayarta ta miƙo mini. Daidai tudun da ke ƙasan babban yatsa, wurin da nake danna matakin keke da shi, ya kumbura, ya yi ja, gefen ya fara baƙi, ga mugunya. A tsakiya kuma wani ɗan abu na ƙyalli. Kafin ta gane ko mene ne ni na gane. Allurar keke ce mai lamba sha takwas, wadda ta karye mini ranar Asabar ina ɗinka kaki. Na nemi tsinin a ƙasa ban gani ba, na sa wata na ci gaba. Kwana biyar ina taka keke a kanta, ina tura ta ciki da kaina, ban ji ko ƙaiƙayi ba.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce ta ciro ta kawai, ta sa mini bandeji, ina da aiki.

"Ba zan taɓa ba sai na tambaya. Ka yarda in tura hoton nan? Ƙafa kawai, ba fuska, ba suna."

Na ce wa za ta tura wa. Nan ta yi mini bayani a taƙaice. Ashe akwai wata ƙungiya ta nas-nas da likitoci da masu ba da magani, waɗanda ke aikin ciwon suga da na zuciya. Su suka tara su Sista suka yi musu horon, su suka raba musu zaren nan, kuma suna da wani zaure a waya inda ƙaramin ma'aikaci zai tura abin da ya gani, manya su duba su ba shi amsa. Ta ce, "Da, in na ga abin da ya fi ƙarfina, bango nake kallo. In rubuta takarda in ce mutum ya je babban asibiti, ban san ko ya je ba, ban san hannun wa zai faɗa ba. Yanzu ina da wanda zan tambaya." Na ce ta tura.

Muna jira ta juye ruwan zafi a roba, ta sirka, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannunta a ciki. Ta ce daga yau haka zan riƙa gwada ruwa, ba da ƙafa ba, don ƙafar nan ko tafasasshe aka sa ta ba za ta yi ƙara ba. Na wanke ta hagu. Na ce to ta dama fa, yaya alwala? Ta ce, "Wannan kam ka tambayi malaminku, nan ilimina ya tsaya. Ni dai ruwa ba zai taɓa ta ba."

Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara. Ta sa ta a fili ta ajiye a kan tebur. Muryar dattijo ce, a natse.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ne na jawo maka wannan wahalar ta cire huffi, ka yi haƙuri. Sista, kada a ciro allurar, a rufe wurin da tsabta, kada ya taka. Malam, ka taho yanzu, ina nan har la'asar."

Na amsa sallama na ce, "Likita, ina da yunifom ɗin makaranta a hannu. Ko a bar shi sati mai zuwa?"

"Da wace ƙafa kake taka keke?"

"Da ta dama."

"To, ita muke magana a kai. In ka zo yau, ina sa ran za ka ci gaba da takawa da ita. In ka bari sai ka gama yunifom, ban yi maka alkawari ba."

Bai ɗaga murya ba, bai tsorata ni da dogon turanci ba. Amma nan ne tsoro ya shige ni. Keken nan tun hannun maigidana da ya koya mini ɗinki yake, da shi na yi aure, da shi na ciyar da yara. Ba ni da gona, ba ni da takardar makaranta, wutar lantarkin unguwarmu kuwa ba abin da mutum zai jingina abincinsa da shi ba ne. Ƙafar nan da ke kan kujera tana wari ita ce jarina gaba ɗaya. Na kalle ta kamar yau na fara ganinta.

Sista ta naɗe ƙafar, ta fita da kanta ta tsayar da keke napep, ta gaya wa direban ƙofar da zai kai ni, ta kira mai ɗakina ta gaya mata inda za ta same ni. Sannan ta koma kan layinta, don akwai sauran mutane a benci.

Likitan ɗan gajeren dattijo ne mai farin gemu. Abin da na fara lura da shi, shi ma huffi ce a cikin takalminsa. Ya ga ina kallo, ya yi murmushi ya ce, "Ni ma sanyin na damuna. Amma kullum sai na cire na duba." Aka yi hoton ƙashi, ya ɗaga shi a taga ya nuna mini allurar a kwance, saura kaɗan ta kai ƙashi. Ya lalubi bayan ƙafar da yatsunsa, sannan ya ɗora wani ɗan inji a wurin, sai na ji ƙara na fita, fuu, fuu, fuu. Ya ce in saurara, jinina ne ke isowa ƙafar, muddin yana isowa akwai abin da za a yi. Ya ce zuciya kamar injin ruwa take, jijiyoyi su ne bututu, suga da hawan jini kuma tare suke cin bututun, tun daga ƙirji har yatsa. Maganin hawan jinin da nake sha sai kai ya yi ciwo, ya ce ba na ciwon kai ba ne, na bututun ne, kullum ake sha. Shekara nawa ana ba ni maganin nan, sai ranar na san amfaninsa.

A yammacin nan suka ciro allurar, suka yanke naman da ya lalace. Likitan ya sa tsinin a wata 'yar kwalba ya ba ni, tana nan har yau a cikin durowar keke. Kwana goma sha biyu na yi a gado. Na kusa da ni wani manomi ne daga wajen Naraguta, an yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Ya ce nasa da ƙaya ya fara. Ya tambaye ni wa ya gano nawa, na ce nas ɗinmu ce. Ya kalli rufi ya ce, "Ka gode mata."

Da aka sallame ni, wajen Sista aka mayar da ni wankin ciwo, yau a yi gobe a huta, kusan wata biyu. Duk sati ta ɗauki hoto ta tura, likita ya ce a ci gaba ko a canja kaza. Yunifom kuwa wani tela aka kai wa, kuma makarantar ba ta sake dawowa wajena ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Zaman gida ba aiki ya fi ciwon kansa wahala, har mai ɗakina ta ce ta gwammace warin ɓera da mitata.

Wata rana tana wanke ciwon, na ce mata, Sista, me ya sa kika nace haka ranar nan, bayan na yi miki rashin kunya? Ta ci gaba da aikinta ba ta ɗago ba. Ta ce akwai wani tsoho mai sayar da gawayi da ta yi shekaru tana auna masa suga, kowane wata yana zuwa, bai taɓa fashi ba. Wata rana ya daina zuwa. Daga baya ta gan shi a bakin hanya da sanda, ƙafa ɗaya babu. Ta ce, "Kowane wata yana zaune a kujerar nan, ƙafarsa na gabana, ban taɓa cewa ya cire takalmi ba. Ba wanda ya koya mini. Ranar da likita ya nuna mana zaren nan a wajen horo, fita na yi waje na yi kuka. Wata tsohuwar nas ta biyo ni, ta ce ita ma tana da nata tsohon, kusan kowa a ɗakin yana da nasa. Ta ce in share fuska in koma in koya." Ta ɗaure bandejin, ta ce, "Jibi, Oga Tela. Kada ka taka da ƙarfi."

Ni a da ina ɗaukar ma'aikatan asibiti kamar injin da ake sa wa kati ya fitar da magani. Ban taɓa tunanin matar nan ita ma tana kwana da mutane a ranta ba, ko kuma tana bukatar wanda zai biyo ta waje ya ce ta share fuska.

Bayan na warke ta ce ƙungiyarsu za ta yi taro a Bukuru, likita ya ce in zo in yi magana. Na ce ni da aji huɗu me zan gaya wa likitoci? Ta ce in zo da huffina kawai. Na je. Ɗaki cike da fararen riguna, wasu daga ƙauyukan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Na nuna musu yadda ake sa huffi, da yadda ake shafa, don da yawansu ba su taɓa riƙe ta a hannu ba. Na ɗaga kwalbar allura suka gani. Sannan na ce musu abu biyu. Na ɗaya, in kun sa mu rufe ido, ku ja da baya ku gwada mu, don muna ƙarya. Suka yi dariya, na ce ba wasa nake ba. Na biyu, kada ku ce wa mutum ya bar huffi, zai ji kamar addininsa kuke taɓawa, ba zai dawo ba. Ku dafa ruwa. Na ga wasu suna rubutawa. Ban taɓa faɗar abu an rubuta ba sai awon wando.

Malaminmu kuwa da na kai masa tambayar, ya gaya mini yadda ake yi da ƙafar da ke da bandeji, ya kuma ce ba wanda ya hana ni cire huffi kullum, ni na ɗora wa kaina. Har ya ɗan yi mini faɗa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Rashin jin zafi ba lafiya ba ce. Kuma nas ɗin da ke ita kaɗai a ƙaramin asibiti, iyakar abin da aka koya mata za ta yi maka. In akwai waɗanda suka tsaya mata, suka koya mata, suka ɗauki wayarta in ta kira, to kai ma da ke zaune a benci sun tsaya maka, ko ba ka san su ba. Ni ban san sunan rabin mutanen ɗakin nan na Bukuru ba, amma da su nake tafiya da ƙafa biyu. Saboda haka in ma'aikaci ya dawo daga horo ya fara ɓata maka lokaci, ka zauna a ɓata.

Har yanzu ina sa huffi in sanyi ya matsa. Sai dai kowace safiya kafin in sa, ina ajiye madubin shago a ƙasa in duba tafin ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu. Na sayi mayen ƙarfe na ɗaure a igiya, duk allurar da ta karye ba na komawa kan keke sai na ga tsininta. Tuwo ma na rage, wannan karon da gaske. Ƙafar dama tana nan a kan matakin keke, da tabonta, tana aikinta. Ba ta jin komai har yau, kuma likita ya ce ba za ta sake ji ba. Ni nake duba mata.